Ta daina ɗingishi, in sa ta a wasan ƙarshe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina horar da ƙungiyar 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 17. Mako uku da suka wuce mai ci mana ƙwallo ta juya da sauri, ba wanda ya taɓa ta, sai ta ji ƙas a gwiwa ta faɗi. Kafin magariba gwiwar ta yi suntum. An yi hoton ƙashi ba a ga karaya ba, mai ɗori ya ce targaɗe ne, ya ja ya ɗaure. Yanzu kumburin ya sace, har ɗan gudu tana yi. Gwanarta ita ce Vivianne Miedema ta Holan, kuma na ga yadda gwiwa ta wahalar da ita, shi ya sa hankalina ya kasa kwanciya. Saura kwana goma mu buga wasan ƙarshe, ga shi iyayenta sun ba ni amana. In sa ta?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam koci. Kada ka sa ta. Ko atisaye da ƙwallo kada ta yi, sai wanda ya san gwiwa ya sa hannu ya duba ta.

Ba zan yanke hukunci a kan gwiwar da ban taɓa ba, amma abubuwa ukun da ka lissafa, wato juyi ba tare da karo ba, da ƙarar da ta ji, da kumburi cikin 'yan sa'o'i, su ne muke ji kullum daga bakin waɗanda jijiyar ACL ɗinsu ta tsinke, wato jijiyar da ke can tsakiyar gwiwa tana haɗa ƙashin cinya da na ƙwauri. Kumburin da ke zuwa da sauri haka yawanci jini ne ya taru a cikin gaɓar. Har sai an tabbatar da akasin haka, ka ɗauka ita ce.

Na ji daɗi da ka kawo Miedema, domin labarinta ya ishe mu ma'auni. Yarinya ce daga garin Hoogeveen da ta fara buga wa Heerenveen tana da shekara 15, ta koma Bayern Munich a 2014 ta ci gasar Jamus sau biyu, sannan Arsenal ta ɗauke ta a 2017. A shekarar ce ta zura biyu a ragar Denmark a wasan ƙarshe na kofin Turai, Holan ta ci 4 da 2. A kofin duniya na 2019, a wasansu da Kamaru, ta zama wadda ta fi kowa ci wa Holan ƙwallo, maza da mata, tana da shekara 22. A Olamfik na Tokyo ta ci 10 a wasa huɗu kacal. To wannan baiwar Allah, a Disamban 2022, a wasan Arsenal da Lyon, ta taka ƙasa ba daidai ba, babu wanda ya kwashe ta, aka fitar da ita a gadon ɗaukar marasa lafiya tana kuka. Aka yi mata tiyata, kofin duniya na 2023 ya wuce ta, ba ta sake shiga fili ba sai Oktoban 2023, kusan wata goma, kuma ranar ma mintoci kaɗan aka ba ta. Duk da haka a 2024 sau biyu ana sake mayar da ita ɗakin tiyata saboda gwiwa, ɗaya tana Arsenal, ɗaya bayan ta koma Manchester City. Sai a Yulin 2025 ta cike ƙwallo 100 wa ƙasarta, a wasansu da Wales.

Mace ce da ke da likitoci da na'urori da masu kula da ita safe da yamma. Wata goma, da tiyata uku. Kai kuma an ce maka mako uku da bandeji sun gama aiki.

Nan ne nake so in tsaya, don wannan maganar ta "ai tana takawa, ta warke" ta ishe ni. Babu makon da ba na jin ta. Mutum yana iya tafiya lafiya lau, ya hau bene, ya yi gudu a miƙe, alhali jijiyar nan a tsinke take. Aikinta shi ne ta hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba da murɗewa a ƙarƙashin ƙashin cinya, kuma tafiya a miƙe ba ta cika buƙatar wannan ba, naman cinya yana rufa asiri. Kumburi kuwa dama zai sace da kansa cikin makonni, ko an ja ko ba a ja ba, ko an shafa man zafi ko ba a shafa ba. Sai mai ɗori ya karɓi yabo a kan aikin da jiki ya yi da kansa. Ranar da za a gane gaskiya ita ce ranar da yarinyar ta yanke mai tsaron baya ko ta diro daga sama, gwiwar ta sulluɓe mata. Kowace sulluɓewa kuma tana iya yaga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan, wanda shi ne matashin gaɓar. Wannan in ya lalace da wuya ya koma yadda yake, kuma shi ke kai mutum ga ciwon gaɓa irin na tsofaffi tun yana da ƙuruciya.

Hoton ƙashi ma da kuke riƙe da shi kamar takardar sallama, ƙashi yake nunawa. Jijiya ba ta fitowa a ciki. "Ba karaya" na nufin ba karaya, iyakarta ke nan. Ina girmama masu ɗorin gado, akwai waɗanda suka san iyakarsu suna tura mutum asibiti. Amma jijiyar da ke can tsakiyar gaɓa babu hannun da zai kai gare ta daga waje, ja da murɗa sai dai su ƙara ɓarna. Tsaga da ƙaho a kan gwiwar da ta tara jini kuwa neman shigar da ƙwayar cuta ne. Waɗanda suka fi ɓata mini rai su ne masu allurar kashe zafi a bakin fili, a kira wani daga kyamis ya tsira wa yarinya allura don ta buga minti casa'in. Zafin nan shi kaɗai ne ya rage yana gaya mata ta tsaya, sai a toshe masa baki.

Na taɓa duba wata yarinya mai kimanin shekarun taka. Sau uku gwiwarta na sulluɓewa cikin kaka ɗaya, sau uku ana ɗaure ta ana cewa targaɗe. Da na kwantar da ita na riƙe cinyar da hannu ɗaya na jawo ƙwaurin da ɗayan, sai ya taho mini gaba sakwaf, babu abin da ya tare shi. Mahaifiyarta na tsaye da ledar hotunan ƙashi guda huɗu, duk an ce mata lafiya. Lokacin da aka yi MRI, wato hoton da ke nuna jijiya da guringuntsi, guringuntsin ya riga ya yage. Tambayar da yarinyar ta yi mini ita ce ko za ta iya durƙusawa ta yi sujada ba tare da zafi ba. Maganar ƙwallo ba ta ma taso ba.

Ka kuma sani 'yan mata sun fi maza faɗawa wannan rauni nesa ba kusa ba. A kakar da Miedema ta ji nata, Beth Mead da Leah Williamson da Laura Wienroither duk sun tsinke tasu jijiyar a Arsenal ɗin. Wannan bai zama hujjar masu cewa ƙwallo ba ta mata ba ce. Hujja ce ta a koya musu dira da juyi, a ƙarfafa musu cinya da ƙugu. Akwai tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, minti 20 ne, ba ya buƙatar kayan aiki, kuma an tabbatar yana rage raunuka. Ka sa sauran yaranka su riƙa yin sa aƙalla sau biyu a mako.

Ita kuwa, gobe ka je wurin iyayenta da kanka, tunda ka ce amana ce, ka gaya musu abin da ake zargi, kada ka bari su ji a bakin filin wasa. Ku kai ta wurin likitan ƙashi ko ƙwararren fisiyo, wato mai gashi da motsa gaɓoɓi na asibiti, ku faɗa masa ƙarar da ta ji da saurin kumburin, ya gwada gwiwar da hannu, in ya ce MRI a yi ƙoƙari a yi. Na san da tsada, kuma na san layin asibiti, amma ya fi arha a kan tiyata biyu. Ba kowace tsinkewa ce ke wajabta tiyata ba, likita ne zai auna. In an yi, ku lissafa wata tara zuwa shekara kafin ta koma gasa, kuma gwajin ƙarfin ƙafa ne zai sallame ta, ba jadawalin wasanninku ba. Za ta yi kuka, za ta rantse maka ta warke, ƙila ma shugaban ƙungiya ya kira ka. Ranar wasan ka zaunar da ita kusa da kai a benci, ka bar takalmanta a gida. Allah ya ba ta lafiya.