Matsalar ba daga manhaja take ba

Malam, ka tambaya me ya sa yaranmu ke gama firamare ba su iya karatu ba alhali akwai manhaja. Wallahi manhajar da NERDC, hukumar binciken ilimi ta ƙasa, ta tsara ba ita ce matsalar ba, aiwatarwa ce. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin bai-ɗaya, ta ce karatun shekara 9 kyauta ne kuma dole, amma leƙa makarantun ƙauyukanmu na Jigawa ka gani, malami ɗaya da yara cike da aji a zaune a ƙasa, ba littafi, an ce a koyar da kwamfuta ko wutar lantarki babu. Damina na faɗuwa an kwashe yara gona, ranar kasuwa kuma talla. Masu duba makarantu ma sai jefi-jefi suke zuwa.