Kun Tambaya, Mun Amsa: Littafina na farko, ina ya yi kyau, ina ya ɓaci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a nan Garwa, ƙasar Kamaru. Na aiko muku da littafin soyayya da na rubuta, shi ne na farko, babi 28. Labarin 'yar mai sayar da kifi ne da wani mai babur na haya, aka raba su aka ba wani Alhaji ita, daga baya ya sake ta, ta koma wa masoyinta. Ƙawayena na WhatsApp sun ce ya yi daɗi, amma yayana ya kai babi na 14 ya ajiye. Ku gaya mini gaskiya kafin in kai shi maɗaba'a.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Mun karanta shi daga bango zuwa bango. Kada ki kai shi maɗaba'a tukuna, amma akwai littafi a ciki.

Babi tara na farko su ne jarinki. Dubi babi na 3, inda uwar yarinyar ke kankare kifi a bakin Binuwai tana yi mata faɗa, ko ɗaga kai ba ta yi ba, wuƙa na aiki, baki na aiki. Ba ki ce "uwar ta fusata" ba, duk da haka mun ji zafin. Haka saurayin: bai furta kalmar so ba sai a babi na 9, amma tun babi na 2 yake ƙin karɓar kuɗin babur, yana cewa ba shi da canji. Irin wannan ba a kwafo shi daga littafin wani, sai wanda ya zauna a wurin ya gani. Hirarki ma gajera ce, kowa da bakinsa. Ko an rufe sunan mai magana, ana gane kaka ce ko ƙawa.

Matsalar ta fara ne ranar da aka kai amarya gidan Alhaji. Daga nan kika bar Garwa kika koma cikin littattafan Kano da kika karanta. Yarinyar da ta tashi a makarantar Faransanci sai ga ta tana jiran sakamakon WAEC, ƙawarta ta tafi bautar ƙasa, sadaki kuma da naira. A nan Kamaru jarrabawar BEPC ake yi, sai ta probatuwar, sai ta bak, kuɗi kuwa sefa ne. A babi na 17 ta hau jirgin ƙasa daga Garwa, alhali layin dogo a Ngaundere ya tsaya. Sai ta shiga mota tukuna. Ki ɗauki jan biro ki ja layi ƙarƙashin kowane gari, kuɗi, jarrabawa da abinci, ki tambayi kanki ko haka yake a inda labarin ke faruwa. Siffanta kyawunta ma aro ne: shafi ɗaya da rabi na farar fata, dogon hanci da gashi har gadon baya. Abu biyu sun isa, kuma wushiryar nan da kika ambata sau ɗaya ta fi sauran duka zama a rai.

Kuskure mafi nauyi na lokaci ne. A babi na 22 tana da ciki wata uku. A babi na 25 aka sake ta, bayan mako biyu kika ɗaura mata aure da mai babur. Wannan aure bai ɗauru ba. Iddar mai ciki sai ta haihu, wadda ba ta da ciki tsarki uku, wadda mijinta ya rasu kuma ba ciki wata huɗu da kwana goma. Duk wadda ta je islamiyya za ta tsaya nan ta daina yarda da ke. Maganinsa takarda ɗaya ce mai gida huɗu: lambar babi, watan da ake ciki, shekarun kowa, da abin da kowa ya riga ya sani. Da kin yi haka, da kin ga azumi ya zo sau biyu cikin wata biyar.

Inda yayanki ya ajiye kuwa, ba laifinsa ba ne. Daga babi na 12 zuwa na 20 faɗa ɗaya ake maimaitawa da uwargida: yau gishiri a miya, gobe boka, jibi gishiri kuma. Hakan yakan faru ga mai sakin labari babi-babi a waya, ana ta ce mata "ci gaba", ita kuma ba ta son a jira. Ki rubuta jimla ɗaya a kan kowane babi: me ya canja a nan? Wanda ba ki samu amsa ba, ki haɗe shi da na kusa ko ki cire. Muna ganin taran nan za su koma uku. Sannan ki ba Alhaji dalili. Mugu ne kawai daga shigowa har fita, kuma mutumin da ba shi da ko alheri ɗaya ba ya ba mai karatu tsoro, gundura yake kawowa. Ki kuma zaɓi bakin mai ba da labari: kin fara da "na ce", a babi na 11 ya koma "ta ce".

Bayan gyara, ki ajiye shi mako uku ko huɗu, ki buga a takarda, ki karanta da murya. Ki ba mutum uku: malamar islamiyya, dattijuwar da ta san al'adun biki, da yayan nan naki. Shafin A5 kan ɗauki kalmomi 250 zuwa 300, sai ki ƙiyasta yawan shafuka kafin ki je cinikin bugu.

TAMBAYA: Daga Kuseri nake. Da Faransanci na koyi rubutu, kuma mutanen littafina suna haɗa Hausa da Larabcin Shuwa da Fulatanci. In bar su haka?

AMSA: Malam, bar su, haka ake magana tsakanin Kuseri da Njamena, kuma shi zai bambanta littafinka da na kowa. Amma a hira kawai, gaisuwa ko kalma ɗaya biyu da jimlar da ke biye za ta fassara. Bakin mai ba da labari ya tsaya a Hausa. Rubutun ne ke son aiki: u maimakon ou, c maimakon tch, j maimakon dj, wato "cuta" ba "tchouta" ba. Ka rubuta "ya zo" da "ta ce" a rabe, ba "yazo" da "tace" ba. Ka sa allon rubutun Hausa na Gboard a wayarka don haruffa masu lanƙwasa, domin "ya ɓata" daban, "ya ba ta" daban, haka "kafa" da "ƙafa". In ka kai maɗaba'a, ka ce su fitar maka da shafi ɗaya na gwaji, don wasu nau'o'in haruffan kwamfuta ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai su fito a matsayin ɗan akwati fanko.