Kafin Ka Sayi Wayar 5G, Duba Zangon da Ya Iso Unguwarku

Tambaya: Malam, na tara kuɗin canza waya, mai shago kuma sai lallaɓa ni yake in ƙara in ɗauki mai 5G, wai ita ake yayi. A ƙauye nake zaune, nesa da Dutse. In ƙara kuɗin?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Rubutun 5G a jikin kwali ba ya kawo sabis, sai kamfani ya kafa ƙarfen da ke watsa shi kusa da kai.

Ga yadda abin yake. Muryarka da datarka a kan zangon rediyo suke tafiya, irin dai mitar da muka saba murɗowa a akwatin rediyo. Zangon nan yana da iyaka, kuma mallakar ƙasa ne. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ke yanka shi kamar fuloti ta yi gwanjonsa ga kamfanoni na wasu shekaru. A 2001 dala miliyan 285 aka biya kan kowane lasisin GSM, kuma waɗanda suka ga lokacin suna tuna yadda layi ɗaya ya haura naira dubu 20, kira kuma naira 50 a minti. A Disamban 2021 aka yi gwanjon zangon 5G, wato 3.5GHz, inda MTN da Mafab kowanne ya biya dala miliyan 273.6. Daga baya Airtel ma ya sayi nasa.

Wanda ya zuba irin wannan dukiya inda jama'a suka yi cunkoso zai fara neman mayar da ita. Shi ya sa da MTN ya buɗe 5G a 2022 da manyan birane bakwai ya soma, a Arewa kuwa Abuja da Kano da Maiduguri ne. Sannan shi zangon 3.5GHz yana ɗaukar kaya da yawa amma ba ya nisa, kuma katanga mai kauri tana rage masa ƙarfi, don haka yana bukatar ƙarafa kusa da kusa. Mai ratsa daji ya shiga har ƙuryar ɗaki shi ne zangon ƙasa-ƙasa, irin su 700 da 800 da 900MHz.

Saboda haka nemi wayar 4G mai batir mai jimiri. Ka sa mai shagon ya buɗo maka bayanan wayar, ka tabbata akwai B3 da B20 da B28, wato zangon 1800 da 800 da 700MHz, a jerin zangunan da take kamawa. Kafin ma ka fita kasuwa, tsaya a ƙofar gidanku ka dubi wayoyin makwabta, ka ga layin wa ke nuna 4G, na wa ke komawa E, alamar tsohon sabis na 2G mai jan ƙafa. Wannan ya fi duk wata talla gaya maka gaskiya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a nan shi ne tsarin gwanjon kansa. Duk lokacin da aka sanar an tara miliyoyin daloli sai a yi ta murna, alhali kuɗin daga aljihun mai sayen kati za su fito a ƙarshe. A ganina gara gwamnati ta sassauta farashin zangon ƙasa-ƙasa, ta ɗaura wa kamfani sharaɗin kai sabis ƙauyuka cikin wa'adi, wanda ya saɓa a karɓe lasisinsa. Manomin da sai ya hau tudu kafin a tura masa kuɗin buhun masara, ba adadin da ya shiga baitulmali ne damuwarsa ba.

Tambaya: Yayana ya aiko mini waya daga Amurka. Kyakkyawa ce, amma ba ta taɓa nuna 4G ba, kira ma da ƙyar. An cuce shi ne?

Amsa: Hajiya, da wuya a ce cuta ce. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta raba duniya shiyya uku wajen amfani da zango. Mu da Turai shiyyarmu ɗaya, Amurka tata daban. Ƙananan wayoyin da kamfanonin can ke sayarwa da rangwame galibi zangunan can kawai aka sa musu, wasu kuma a kulle suke da layin kamfani guda. Ki kai wa mai gyara ya duba lambar samfurin. In kulle ce, yayanki ya nemi kamfanin ya buɗe ta. In kuwa zangon ne babu, ba manhajar da za ta ƙara shi, kada kowa ya karɓi kuɗinki da sunan zai yi. Nan gaba in zai aiko da iPhone, ki sani daga 14 zuwa sama na kasuwar Amurka ba su da wurin sa layi, sai eSIM, wato layin da ake loda wa waya ba tare da an sa kati ba.

Tambaya: Ina da shagon POS, sabis yana yawan ɗaukewa a ciki. An ce in sayi na'urar ƙara ƙarfin sabis, wadda ake kira busta.

Amsa: Alhaji, kada ka saya. NCC ta sha gargaɗi cewa kafa ta ba izini laifi ne, kuma da hujja. Na'urar tana watsa sigina ne a kan zangon da wani ya biya, in ba a saita ta daidai ba sai ta cika ƙarfen unguwa da hayaniya, kai ka samu sanda biyu, makwabtanka kira ya riƙa yanke musu.

Abin da ya halatta kuma yake aiki shi ne rawuta, wato na'urar da ake sa wa layi ta raba Wi-Fi, mai wurin jona eriyar waje. A ɗaura eriyar a kan dogon ƙarfe sama da kwanon rufi, a fuskantar da ita wajen ƙarfen sabis mafi kusa, sai POS ɗin ya hau Wi-Fi in yana da shi. Ka ajiye layin kamfani na biyu saboda ranar da na farko ya ɗauke. In matsalar ta shafi unguwa baki ɗaya, ku fara kai ƙara ga kamfanin ku karɓi lambar ƙorafi, in bai yi komai ba ku kira NCC a 622, kyauta ne.