Wasan Ɗaki Ga Ɗan Shekara Biyu A Lokacin Hunturu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa biyu da wata uku. Tunda hunturu ya kankama na hana shi fita tsakar gida da safe saboda ƙura da mura, amma zaman ɗaki ya ishe shi, sai rigima da ɓarna. Na ga bidiyo a waya ana zuba wa yaro wake da gyaɗa da masara yana rarrabawa a kiret ɗin ƙwai. Na gwada, ya so abin sosai, sai dai jiya na zaro ƙwayar wake daga bakinsa, hankalina ya tashi. In ci gaba ina sa ido, ko akwai wani wasan? Daga wata uwa a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwashe waken nan yau, kada ki bari sai gobe. Ga abin da za ki yi masa a madadinsa.

Ki samo kwalin taliya mai ƙwari, ki liƙe bakinsa da salatif. A gefe ɗaya ki zana kan rago guda uku da alƙalamin maka, ki yanke bakin kowanne ya zama rami mai faɗin kamar santimita 8, ki bi gefen yankan da salatif don kada ya karce masa yatsa. Ki zagaye baki ɗaya da ja, ɗaya da shuɗi, ɗaya da ruwan ɗorawa. A bayan kwalin ki yanka 'yar ƙofa ta kwaso kaya. Abincin ragunan kuma tsofaffin safa ne ko ƙyallayen atamfa masu waɗannan launuka: ki dunƙule kowanne kamar girman lemon zaƙi, ki ɗinke shi tam, guda shida sun isa. Ido da hanci a zana su, kada a liƙa maɓalli ko dutsen ado, domin abin da ƙaramin yaro zai fara ɓamɓarewa ke nan.

Kwana biyun farko ki bar shi ya cusa duk inda ya ga dama, daga baya ki ce "ba jan rago nasa". In ramin ya yi faɗi da yawa wasan ba zai riƙe shi ba, in ya matse zai yi fushi ya yi jifa da kwalin. Minti goma ya yi ƙoƙari. Da ya fara gundura ki ɗauke ki ɓoye, gobe ya dawo masa sabo.

Yanzu maganar "ina sa ido". Wallahi wannan kalma ta cuci yara da yawa. Yaron da bai kai shekara 3 ba bai gama turamen haƙora ba, hanyar numfashinsa kuma ba ta wuce kaurin ɗan yatsansa ba. Dariya ɗaya ko tuntuɓe ɗaya da ƙwaya a baki, ta faɗa maƙogwaro kina zaune kusa da shi. Ma'aunin gida shi ne bututun kwalin da ke tsakiyar tishu: duk abin da ya shige ta cikinsa bai dace da hannun ɗanki ba.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne abin da ke biyo baya. Yaro ya ƙware, ya yi tari idonsa ya yi ja, can ya lafa, sai manya su ce "alhamdu lillahi, ta wuce". Sau da yawa ba wucewa ta yi ba, gangarawa ta yi cikin huhu ta zauna. Wake yana jiƙa ya kumbura, man gyaɗa kuma yana sa wurin ya yi kumburi. Bayan 'yan kwanaki sai tari da zazzaɓi da numfashi mai fito. Da yake hunturu ake ciki, kowa sai ya ce sanyi ne ya kama shi. Mai kemis ya ba da sirof kwalba bayan kwalba bai taɓa tambayar ko yaron ya ƙware ba, wata tsohuwa ta ce beli ne a kira wanzami. A yanka yaro a banza, ga gyaɗa can tana ruɓar masa da huhu! Kuma hoton ƙirji ba lallai ya nuna gyaɗa ba, shi ya sa labarin da uwa za ta bayar ya fi hoton amfani.

In ya ƙware yana tari da ƙarfi, ki bar shi ya yi tarin. Kada ki ɗura masa ruwa, kada ki zura yatsa kina lalube, tura abin ciki za ki yi. In ya kasa kuka da tari, ki sunkuyar da shi ki buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu sau biyar, sannan ki rungumo shi ta baya, ki ɗora dunƙulen hannu sama da cibiya ki danna ciki da sama sau biyar, ki riƙa maimaitawa ana neman abin hawa. Ko ya lafa, muddin ba ki ga abin ya fito da idonki ba, ki kai shi babban asibiti a ranar, ki faɗa wa likita abin da yake wasa da shi da lokacin da tarin ya fara.