Ɗana zai shiga jami'ar Yamai, in hana shi ƙungiyar ɗalibai?

Tambaya: Malam, ɗana ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, bana, za shi jami'ar Abdou Moumouni. Ina tsoron ƙungiyar ɗalibai ta ja shi cikin siyasa da zanga-zanga. In hana shi tun yanzu? Wani uba daga Tawa.

Amsa: Alhaji, tsoronka da dalili, sai dai hanin ba zai kama ba. Yaron da bursinsa, wato kuɗin tallafin karatu, ya makara, ga layin abinci, ga neman gado a ɗakin kwana, kukansa ta bakin ƙungiya yake fita, ya so ko ya ƙi.

Ƙungiyar ɗaliban Nijar, wato USN, ta girmi jami'ar kanta. An kafa ta a 1960, karatun jami'a kuwa sai 1971 aka fara shi a Yamai. Zamanin da soja suka rufe bakin kowa, harabar jami'ar da ke unguwar Harobanda ce wurin da ake iya cewa a'a, kuma aƙidar gurguzu ce ke tashe tsakanin ɗalibai. Ran 9 ga Fabrairu 1990, lokacin mulkin Ali Saibou, ɗalibai suka hau gadar Kennedy suna ƙin tsarin tsuke bakin aljihu da zai taɓa karatunsu. Aka buɗe musu wuta, uku suka rasu. Wannan jinin na cikin abin da ya kai mu ga taron ƙasa na 1991, wanda malamin tarihi André Salifou ya shugabanta, ɗalibai kuma suka zauna da wakilansu kamar kowane ɓangare.

Abin da ya biyo baya ne ke damuna. Da jam'iyyu suka yawaita, wasu ƴan siyasa suka gane sayen shugaban ɗalibai ya fi gangami arha. Aƙida ta ja baya, ambulan ta kuɗi ta shigo. An rushe jam'iyyu a 2025, amma masu farautar matasa suna nan, wasu da rigar addini ma suke zuwa.

Saboda haka bar shi ya je taron ɗalibai, ya ji mahawara, ya koyi tashi tsaye ya yi magana gaban jama'a. Aji ba ya koyar da wannan. Kai dai in ya zo hutu, nemi takardar sakamakonsa kafin komai. In ka ga sabuwar waya ko babur da ba kai ka saya ba, zaunar da shi bayan isha'i, ba gaban ƙannensa ba, ka tambaye shi wa ya biya, kuma me mai biyan ya ce a yi masa.