Autan Gwaggo, ga amsar maganar takardar gayyata

Saƙonninka na murya sun iso, har guda huɗu, na saurare su a jirgin ƙasa ina dawowa daga aiki. Ka ce in turo maka takardar gayyata ka zo Suwidin ganin gari na wata uku. Ka ce akwai wani ejan a Kano da ya yi maka alkawarin biza cikin sati biyu. A saƙo na huɗu kuma, inda muryarka ta yi ƙasa-ƙasa kamar mai gudun kada Gwaggo ta ji, ka ce in Allah ya buɗe wata hanya sai ka yi zamanka. Kai ne mutum na bakwai da ya yi mini wannan magana a bana, shi ya sa na zauna na rubuta amsar da tsawo, duk wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa.

Saƙon nan na huɗu shi ne maganar, sauran ukun gaisuwa ce. Kuma abin da ka faɗa mini a ɓoye shi ne ainihin abin da mai duba takardunka yake nema. Bai damu da ko kana son ganin dusar ƙanƙara ba. Tambayarsa ɗaya ce: wannan saurayin zai koma gida? Duk takardar da za su nema, daga ta banki har ta wurin aiki, wannan tambayar take amsawa. Kai kuwa shekararka ashirin da bakwai, ba mata, ba ɗa, shagon waya na haɗin gwiwa da abokinka, fasfo sabo fil ko Kwatano bai taɓa zuwa ba. In kai ne a kujerarsa me za ka ce?

Akwai abin da ba ka sani ba, don lokacin kana makaranta. A 2017 Baba ya matsa mini na gayyaci ɗan wani amininsa. Na cike takardar da sunana, da lambar shaidata ta ƙasa, da adireshin gidana, na sa hannu cewa a wurina zai sauka. Na ɗauki hutu na zagaya da shi gari. Kwana tara ya yi. Ranar ta goma na dawo daga aiki na tarar da mabuɗi a kan tebur, jakarsa ba ta nan, wayarsa a kashe. Bayan shekara biyu matata ta haihu, na nema wa Hajiya biza ta zo ta ga jikarta, aka hana ta. Takardar ƙin ba ta ambaci yaron da ya gudu ba, cewa kawai ta yi ba a gamsu za ta koma ba. Hajiya fa! Matar da ba ta iya kwana biyu ba ta leƙa awakinta ba. Ni dai na san sunana yana rubuce a matsayin wanda baƙonsa ya shigo bai fita ba, kuma har gobe ina ɗora wa yaron nan alhakin cewa Hajiya a waya ta ga jikarta. Shi kuma da ya gudu, labarin ƙarshe da na ji yana wanke kwanuka a bayan wani gidan abinci, ba shi da lambar shaida, don haka ba asusun banki, ba hayar ɗaki da sunansa. Mahaifinsa ya rasu bai je ba, domin in ya fita ba dawowa. To in ka ji ina ja da baya, ba rowa ba ce. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Yanzu ga abin da ake nema, tunda ka tambaya. Bizar ta Shengen ce, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, Suwidin ta shiga tsarin tun 2001, da ita da Norwe da Denmak. Tana ba ka kwana 90 a cikin kowane kwana 180, ba ta ba ka izinin aiki ko na yini ɗaya. Kuma a ƙasar da za ka fi daɗewa ake nema. Masu ce maka ka nemi ta wata ƙasa "mai sauƙi" sannan ka zarce nan, su ba su za su tsaya gaban ɗan sandan iyaka ba. Fasfo sai wanda aka bayar cikin shekara 10 da suka wuce, da shafi biyu da ba a taɓa ba, kuma ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ka fita. Kuɗin biza yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ban da na ofishin da ke karɓar takardu, kuma in an hana ka ba a mayarwa. Inshorar lafiya dole ce, wadda za ta ɗauki nauyin aƙalla yuro 30,000 a duk ƙasashen Shengen. Da kanka za ka je a ɗauki hoton yatsunka. A ƙa'ida amsa kwana 15 ce, amma tana iya kaiwa 45, kuma ana karɓar takardu tun saura wata shida tafiya, don haka sati biyun ejan ɗinka ban san daga ina ya samo su ba. Kada ka biya kuɗin tikiti gaba ɗaya kafin biza ta fito, ka kama kujera kawai.

Maganar kuɗi ce wurin da mutanenmu suke faɗuwa. Suwidin tana so ka nuna kurona 450, wato kuɗin ƙasar, na kowace rana da za ka yi. Wata ɗaya kurona 13,500 ke nan, wata ukun da kake magana 40,500. Ka je wurin 'yan canji ka tambayi nawa ne a naira, sannan ka zauna ka sha ruwa. In mai masauki zai ɗauki nauyin ci da kwana adadin yana iya raguwa, amma sai shi ma ya baje nasa albashin a gabansu. Abin da ejan zai yi maka na sani: zai zuba miliyoyi a asusunka kwana uku kafin a buga bayanan banki, ya kwashe washegari. Mutanen nan wata da watanni suke bi layi-layi. Asusun da bai taɓa riƙe dubu ɗari biyu ba, rana ɗaya ya wayi gari da miliyan goma, ko yaro ya san aro ne. Gara ɗan kuɗi na gaskiya mai shiga da fita, da takardar rajistar shagonku, da shaidar haya, fiye da tulin da ba ka iya bayaninsa. In kuwa aka kama takardar jabu, ƙin yana shiga na'urar da duk ƙasashen Shengen suke dubawa. Ba Suwidin kaɗai ka rufe wa kanka ba.

Wani abin da ba a gaya wa mutane: biza a fasfo ba ita ce shiga ba. In ka biyo ta Faransa ko Jamus, a can za a tare ka, tunda nan ne ƙofarka ta farko. In ta Addis Ababa ko Istanbul ka biyo, sai a Arlanda, filin jirgin Stockholm. Suna iya neman takardar gayyata, tikitin komawa, inshora, lambar wayar mai masauki, su kira shi kana tsaye. Ka riƙe kwafin komai a jakar hannu, ba a akwatin da ke cikin jirgi ba. Daga Oktoban 2025 kuma sun fara ɗaukar hoton fuska da yatsu a iyaka suna ajiyewa a kwamfuta, ita ke ƙirga maka kwanaki.

Sai tsaraba. Na san Gwaggo, tun yanzu tana lissafin abin da za ta ɗaura maka. Ka gaya mata nama da duk abin da aka yi da madara ba sa shiga daga wajen Tarayyar Turai: ba kilishi, ba dambun nama, ba man shanu. Ni a zuwana na farko, 2010, Hajiya ta naɗe mini kilishi a takarda, ta sa a leda uku, ta cusa cikin hannun babbar riga. Wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna kusa da akwatina yana kaɗa wutsiya, ni har ina yi masa murmushi. Ma'aikaciyar ta sa safar roba, ta warware ledojin ɗaya bayan ɗaya, ƙamshin yaji da ƙuli-ƙuli ya cika wurin. Ta tambaye ni mene ne, na yi mata bayani da alfahari. Ta ce lallai da alama akwai daɗi, ta jefa a kwandon shara, ta rufe. Ban ci ko yanki ɗaya ba, ina ajiye shi ne sai na isa. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji dai na sha shigowa da su ba wanda ya tanka. Magani kuma ka kula: tiramadol da kodin a nan cikin miyagun ƙwayoyi suke a doka, in ba takardar likita a hannunka maganar 'yan sanda ce. Kuma kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ya ce shi limami ne.

Kada ka wahalar da kanka da sayen yuro, ba shi suke kashewa ba, sun ƙi shi a ƙuri'ar 2003. Kuronar ma ta takarda ba ta da wani tasiri. Motar bas a Stockholm ba ta karɓar tsaba, shaguna da yawa sun manna a ƙofa cewa kati kawai, bayan gida na tasha ma da kati ake buɗewa. Ka tabbatar katin bankinka yana aiki a waje tun kana gida, ka san iyakar abin da zai bari ka cire. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu ne zagayayyu, cajarka mai ƙafa uku ba za ta shiga ba. Buta kuwa ka sako 'yar ƙarama ta roba a kaya, don ba za ka tarar da ita a bayan gidan kowa ba sai na Musulmi.

Ka ce Disamba kake so saboda ƙanƙara. Allah ya shirye ka. A Stockholm a watan nan rana tana fitowa wajen tara saura kwata, kafin uku na rana ta faɗi, kuma ko ta fito ba ta da zafi, kamar fitilar da batir ya yi wa rauni. Azahar da la'asar da magariba duk cikin awa uku suke, in ka shiga kanti ka daɗe sai ka fito da bashin salla biyu. Sanyin ma ba shi ya fi damuna ba a shekarar farko, duhun ne, da shirun. Maƙwabcinka zai leƙa ta ramin ƙofa ya jira ka wuce kafin ya fito, ba don yana ƙin ka ba, da ɗan'uwansa ma haka yake yi. Jaket ɗin gwanjo ta Kantin Kwari ko Sabon Gari ta hunturun gida ce, nan ba ta kai ka bakin titi. Kaya ake jerawa hawa-hawa, na ciki mai kama jiki, sai na ulu, sai mai tare iska, da takalmi mai ƙasan da ba ya santsi. Na taɓa zamewa a ƙanƙara ƙarfe uku na dare ina raba jarida gida-gida, na kwanta a wurin ina kallon sama ina tambayar kaina wa ya aike ni. Shekara biyu na yi wannan aikin ina karatu. Hotunan da kuke gani a Facebook na bayan nan ne, na lokacin ba wanda ya ɗauka.

In zuwa za ka yi, ka zo Yuni ko Yuli. Rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, wajen uku da rabi ko huɗu ta fito, gari ya yi kore shar, mutanen da suka ƙi gaishe ka a Janairu su ma suna dariya. A can arewa, Kiruna, ba ta ma faɗuwa sam na wasu makonni. Abinci ba matsala, akwai naman halal a unguwanni irin su Rinkeby da Tensta inda Somaliyawa da Larabawa suke da yawa, ga babban masallaci a Södermalm da aka buɗe a 2000. A kanti ka haddace kalma biyu, fläsk da gris, duk inda ka gan su alade ne.

Ga abin da zan iya. Wata uku ba zan sa hannu ba. Sati uku a Yuli zan iya, in ka yi wa shagon rajista da sunanka, ka bar asusunka ya yi wata shida yana motsi da kuɗin gaskiya, ka rabu da ejan, kuma ka rantse a gaban Gwaggo cewa ranar da tikiti ya ce ranar za ka hau jirgi. In kuma zaman kake so da gaske, ka daina lulluɓe shi da ganin gari. Ƙasar ba kamar 2015 take ba, lokacin da mutum kusan 163,000 suka nemi mafaka a shekara ɗaya. Tun daga nan ake ta ƙara ɗaure ƙofa, gwamnatin Ulf Kristersson da ta hau a 2022 ta ƙara tamkewa. Hanyar da na sani ita ce wadda na bi, karatu. Ni na ci sa'a na shigo a shekarar ƙarshe ta kyauta, daga 2011 ɗan wajen Turai biya yake yi, amma akwai tallafin gwamnatinsu na digiri na biyu da 'yan Najeriya suke cikin masu iya nema. Ana buɗe neman gurbi a tsakiyar Oktoba a rufe a tsakiyar Janairu, kuɗin nema kurona 900. Wannan ni zan biya maka, in duba maka takardu har ka gaji da ni. Sakamakon digirinka da ka ce yana makale a makaranta shekara uku, ka fara zuwa ka karɓo shi.

Ka kira ni Lahadi bayan la'asar ɗinku, yanzu agogonmu ɗaya ne da na gida, sai an shiga bazara muke gaba da awa guda. Ka gaida Gwaggo da jiki, ka ce mata man shafawar gwiwar da ta ce yana nan na saya, ina jiran mai tahowa.