Amsa: Ina 'yan hokin ƙanƙara na matasan Kanada suke zuwa bayan shekara 20?

Malam, ka tambayi inda yaran da NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, ba ta ɗauka ba suke ƙarewa. A gasannin matasa uku na Kanada, OHL da WHL da QMJHL, da zarar yaro ya wuce shekara 20 to lokacinsa ya cika. Da yawansu Turai suke nufa: Jamus, Suwidin, Finlan, Siwizalan, ko gasar KHL ta Rasha da maƙwabtanta da aka kafa a 2008.

Dubi Nigel Dawes. Ya taso a ƙungiyar Kootenay Ice ta WHL, ya ɗan taɓa NHL, sai a 2011 ya koma Barys ta Astana, ƙungiyar Kazakistan da ke buga KHL, har ya karɓi takardar zama ɗan Kazakistan ya buga wa ƙasar. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin faɗuwa ba. Filin ƙanƙarar Turai ya fi faɗi, kusan mita 30 maimakon 26 na NHL, shi ya sa gajeren ɗan wasa mai zafin nama irinsa yake samun sarari a can.